Gwiwar da Likita Ya Hana Durƙuso

Anti Rauda, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin ya kai min iya wuya, kuma duk faɗin garin nan babu wanda zan buɗe baki in gaya wa ba tare da na tona asirin gidanmu ba. Ki ɓoye sunana. Ki yi haƙuri da Hausar tawa ma, a Libreville ta ƙasar Gabon aka haife ni, da Faransanci na yi boko, Hausar gida ce kawai gare ni da ta islamiyya, sai wadda nake tsinta a filin nan naki da nake karantawa a waya.

Ni ma'aikaciyar jirgin sama ce, irin waɗanda ke tarbar fasinja a bakin ƙofa, su nuna yadda ake ɗaura bel, su raba abinci. A nan otes ake ce mana. Kin ga na rubuta shi ba wahala, amma a unguwarmu ta Nkembo ban taɓa furta wannan maganar ba. A wurin mutanenmu ni a ofishin sayar da tikiti nake aiki, idan kuma aka kwana biyu ba a gan ni ba, to kamfani ne ya tura ni wani reshe. Ba ni na ƙirƙiro labarin nan ba, Baba ne.

Baba shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, tun yana saurayi ya zo daga Kano. Shi ake kira idan 'yan kasuwa biyu sun saɓa, kuma idan ya ce ga yadda aka yi, magana ta ƙare, don an san shi ba ya ƙarya. Lokacin da na ci jarrabawar aikin nan ya daɗe yana amsa gaisuwata a daƙile. Daga baya ya kira ni gaban Mama ya ce ya yarda, tunda na nace kuma bai taɓa kama ni da wani abin assha ba, amma da sharaɗi ɗaya: kada wani Bahaushe a garin nan ya ji cewa 'yarsa tana kwana a otal a ƙasashen mutane, tana miƙa wa maza kofi. Na ce na ji. A ranar ko cewa ya yi in riƙa zuwa aiki da ƙafa ɗaya, wallahi da na ce na ji.

Shekara huɗu ke nan muna wannan wasan ɓuyan. Nakan fita da abaya da hijabi, in hau klando, ƙananan motocin haya na nan, har unguwar Angondjé gidan abokiyar aikina Nafissatou, a can kayan aikina suke. Idan na hango Hausawa cikin masu shigowa jirgi sai in roƙi shugabarmu ta mayar da ni kicin na baya, kuma ko "sannu" ba ya fita daga bakina, Faransanci zalla. Giya ba na miƙawa, abokan aikina sun sani, sukan ɗauke min. Sau ɗaya ne na ga ta kaina. Za mu Cotonou, ina tsaye a ƙofar gaba, babu wurin gudu, sai ga Alhaji Ɗan'azumi, aminin Baba, wanda rumfarsa ke kallon tamu, wanda a kan cinyarsa na koyi cin dabino. Ya wuce ni idonsa a kan tikitinsa, ya zauna jikin taga, ya kafa wa gajimare ido har muka sauka. Da na zo da keken abinci, hannu kawai ya ɗaga bai waiwayo ba, ko ruwa bai karɓa ba. Na ce Allah ya rufa min asiri, tsufa ya fara taɓa idon Alhaji, ga hula da kwalliya sun sauya ni.

To a daminar da ta wuce abin ya faru. Muna dawowa daga Douala, tafiya ce gajeriya, kullum a gurguje muke kwashe kofuna kafin a fara sauka. Sama garau, ba a kunna fitilar ɗaura bel ba, babu wanda ya ga komai tafe. Mutane suna ɗauka gargadar sama ɗan girgiza ne a yi salati a wuce, kuma ga wanda ke zaune da bel a ƙugunsa yawanci haka ne. Mu kuwa a tsaye muke, hannuwanmu cike. Jirgin ya yi ƙasa lokaci ɗaya, na ji kaina ya daki rufi, kafin in ankara na dawo, ƙafata ta dama ta maƙale tsakanin keken abinci da kujerar ƙarshe. Jikina ya juya, ƙafar ba ta bi ba. Har yau ina jin ƙarar da gwiwar ta yi.

Anti, ba ciwon ne ke dawo min a rai ba, yadda na kwanta ne. Hula ta tashi, ɗan ƙyallen da nake rufe gashi da shi ya fice, siket ya yaye, ga kofi da ruwan tumatir sun wanke ni, fasinjoji duk sun juyo. Kuma ni da na shekara huɗu ina riƙe bakina, sai ji na yi ina kurma ihu ina wayyo Allah Mama, da Hausa tsantsa. Wata dattijuwa a kujerar ƙarshe ta amsa min da Hausa, ta ce sannu 'yar nan, ta cire mayafinta ta rufe min ƙafafu, ta riƙe hannuna tana addu'a har muka sauka. Ban san ta ba, ban tambayi sunanta ba, ko godiya ban yi mata ba, don tsoron kada ta ce 'yar gidan wa ce. Da mayafinta aka shigar da ni motar asibiti, yana nan a ƙasan akwatina, duk lokacin da na gan shi sai kunya ta rufe ni.

A asibiti aka ce jijiyar cikin gwiwar ta tsinke, guringuntsi kuma ya yage, sai an yi aiki. Kamfani ya tsaya min, ba ni da ƙorafi a kansu. Baba ya zo ya zauna a gefen gado, da abokan aikina suka shigo cikin kayan aiki sai ya miƙe ya ce zai je ya yi sallah, bai dawo ba sai da suka tafi. A kasuwa kuma ya ce zamewa na yi a matakalar ofis, ɗan targaɗe ne, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa dubiya. Na yi jinya a gidan Nafissatou, aka ce kwas na tafi. Sai da na ajiye sanduna sannan na koma gida.

Ga inda matsalar take. Targaɗe ba ya hana durƙuso. Gidanmu gidan baƙi ne, duk wanda ya sauka daga Najeriya bai san kowa ba, wurinmu ake kawo shi, kuma da safe dattawa sukan zauna a baranda kafin su wuce kasuwa. Kin san gaisuwarmu, gwiwa biyu a ƙasa, kuma ba tashi sai an tambayi kwana da gajiya da aiki da ruwan jiya. Likita kuwa da matar da ke motsa min ƙafa, wadda muke kira kine, sun ja min kunne: kada in lanƙwasa gwiwar har ƙarshe, kada in dafa ƙasa da ita, sallah ma a kan kujera, sai ranar da suka ba ni izini. Ranar farko na gaida mutane a tsaye, na rusuna iya iyawata. Kafin azahar wata baƙuwa 'yar garin su Mama ta riga ta faɗa a kicin, yadda zan ji, wai 'ya'yan Gabon ke nan, boko ya cinye tarbiyya, ana gaisuwa a tsaye ƙerere sai ka ce soja. Mama ta same ni a ɗaki idonta ya yi ja, ta ce in rufa musu asiri, ɗan durƙuson nan nawa yake.

Tun daga ranar nake durƙusawa. Saukar da sauƙi, tashin ne aiki. Nakan dafa bango ko faranti ina murmushi, in taka a hankali har ɗaki, in rufe ƙofa in cusa fuska cikin filo. Ƙanƙarar firij ɗinmu ta ƙare a gwiwata, Mama har faɗa take wai wa ke kwashe mata ƙanƙarar zoɓo, alhali ta sani. Idan ni kaɗai ce a ɗaki nakan yi sallah zaune a bakin gado. Amma ɗakina shi ne masaukin baƙi mata, da wuya a yi mako babu wata a ciki, kuma a gabansu sujada nake yi cikakkiya. Astagfirullah, goshina yana ƙasa amma hankalina duk yana kan yadda zan tashi. Wannan ya fi komai ci min rai.

Kine ɗin nan 'yar Gabon ce, mai kirki, ba ta san al'adarmu ba. Duk zuwa sai ta dubi kumburin ta tambaye ni me nake yi wa ƙafar nan a gida, ni kuma in ce mata matakala ce ta yi yawa a gidanmu. Gidanmu ko bene babu. A zuwan ƙarshe likita ya duba hoto ya ce jijiyar da suka dasa min a gwiwar ta fara saki. Ya ce idan aka ci gaba a haka sai an sake aiki, kuma bayan aiki na biyu da wuya likitan kamfani ya sa hannu in sake hawa jirgi, don ba a ba mai ƙafar da ba ta da tabbas amanar fitar da mutane idan ta ɓaci. Na fito na hau klando ina hawaye, direba yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi min.

Ina son aikin nan, Anti, bari in faɗa ko sau ɗaya. Idan aka rufe ƙofar jirgi ni wata ce da ta san abin da take yi. An koya min kashe wuta, an koya min taimakon wanda numfashinsa ya tsaya, na taɓa zama a ƙasa na riƙe wata mai ciki da ta firgita har ta yi dariya. A can sama ban taɓa jin kunyar aikina ba. Sai na sauko na shigo layinmu kunyar take hawa kaina, kuma na rasa ko tawa ce ko ta Baba ce nake ɗauke da ita.

Ga azumi ya ƙarato. Mata duk mukan fita asham a masallacin unguwa, kuma a sahun baya akwai kujerun roba na tsofaffi, waɗanda kowa ya san ciwon ƙafarsu. Ni da ban kai talatin ba in je in zauna a tsakiyarsu, kafin a sallame labari ya kai har unguwar Sotega. Idan na bi sahu na yi ruku'u da sujada wata guda, ƙafar ta tafi. Idan na ƙi zuwa, abin da za a faɗa ya fi na gaisuwar soja muni. Nafissatou ta ce in dawo wurinta in yi azumin a can, amma budurwa ta bar gidan ubanta da azumi ta koma Angondjé, wannan kuma da wane baki za a bayyana shi?

Wani abu ma ya ƙara ɓata min rai a makon jiya. Na dawo daga wurin kine na tarar da sabuwar kujerar roba fara a ɗakina, daidai inda nake shimfiɗa darduma, ko takardar jikinta ba a ɓare ba. Na tambayi Mama, ta ce Baba ne ya shigo da ita da rana tsaka, ya ɗauko ta da kansa tun daga bakin titi, ya ajiye bai ce komai ba. Baban da ko leda ba ya riƙewa sai ya ba ɗan dako. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ga kujerarki nan, ki yi sallarki a ɓoye a ɗaki, kada ki fito ki kunyata ni. Raina ya ɓaci, na tura ta bayan ƙofa na jibga mata wanki. Tun da abin ya faru bai taɓa furta kalmar gwiwa a gabana ba. Idan na durƙusa gaishe shi da safe, kau da kai yake yi ya amsa da sauri. Shi ma Alhaji Ɗan'azumi ya sauya min. Da ya hango ni na nufo baranda sai ya ɗaga hannu tun daga nesa, yana cewa tsaya nan, tsaya nan, na amsa gaisuwar, sauri nake. Ban san me na yi masa ba.

Anti, ya zan yi? Idan na faɗi gaskiya, na mayar da Baba maƙaryaci a gaban mutanen da yake yi wa sulhu, mutumin da ya yarje min abin da iyaye da yawa ba za su yarda ba. Idan na yi shiru, na rasa ƙafata da aikina. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar jin haushin nasa. Ina jin kunyar likita, da kine, da dattijuwar nan mai mayafi. Ki gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci.

'Yarki mai ƙafa ɗaya da rabi,
Libreville

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Hausarki ba ta da laifi, ta isar da saƙo har ta sa ni na ajiye shayina ya huce.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Daga yau durƙuso ya ƙare, sai ranar da likita ya ce ki yi. Ba shawara ba ce wannan, umarni ne na uwa. A zuwanki na gaba ki gaya wa likita da kine gaskiyar abin da kike yi wa ƙafar nan, har da sujadar. Suna ta neman dalilin kumburi a matakalar da babu ita, kuma ba za su iya gyara abin da kike ɓoye musu ba. Ba za su yi miki dariya ba, sun ga abin da ya fi wannan. Batun sallah kuwa, ki tambayi duk malamin da kika amince da shi, zai gaya miki mara lafiya yana sallah yadda jikinsa ya iya. Ubangijin da kike yi wa sujada ya san abin da ke cikin gwiwar nan tun kafin likita ya ɗauki hoto. Baƙin ɗakinki kike yi wa wannan wahalar, kuma ke ma kin sani, shi ya sa abin yake cin ranki.

Na biyu, kin haɗa abu biyu kin ƙulle wuri ɗaya, alhali kowanne da hanyarsa. Akwai maganar aikin da kike yi, akwai maganar aikin da aka yi miki. Ba sai kin faɗi ta farko ba kafin ki faɗi ta biyu. Duk wanda kika gaida a tsaye, ki rusuna, ki sassauta murya, ki ce a gafarce ki, an yi miki aiki a gwiwa, likita ya hana ki lanƙwasawa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wanda ya ce ai an ce targaɗe ne, ki ce abin ya fi yadda aka faɗa. Wanda ya nemi ƙarin bayani, ki ce a sa ki a addu'a, ki wuce. Ita kuma baƙuwar kicin, ko da rarrafe kika gaishe ta za ta samo abin faɗa, kada ki sayar mata da ƙafarki.

Yanzu mu zo kan Baba. Ba zan zage miki shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙasar da ba tasa ba, sunansa shi ne gidansa da danginsa, kuma kin san irin kallon da wasu mutanenmu ke yi wa aikinku, ko da kuwa ba su da hujja. Tsoronsa ba na banza ba ne. Ya kuma ba ki abin da ke da kanki kika ce iyaye da yawa ba za su bayar ba. Amma ya yi kuskure da ya rufe maganar da abin da ba haka yake ba, ya ƙara kuskure da ya ce targaɗe, don ya ɗora miki kayan da shi ba ya jin nauyinsu. Mama ma ta yi kuskure da ta raina durƙuson. Ke kuma naki laifin shi ne kin yi fushi a ɓoye, kin yanke wa mutane hukunci ba ki tambaye su ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma akwai abin da kika rubuta da hannunki amma ba ki gani ba. Tsohon da idonsa ya yi rauni, idan aka miƙo masa ruwa a jirgi karɓa yake yi ya ce an gode. Wanda ya ƙi waiwayowa tun daga Libreville har Cotonou, ya haƙura da ƙishirwa, wannan ya gan ki sarai tun daga bakin ƙofa. Kara ya yi miki, ya yi wa amininsa. Kuma mutumin da yanzu yake tsayar da ke tun daga nesa kafin ki kai ƙasa, ba fushi yake da ke ba, ya san abin da ke ƙafarki ne. Ba zan rantse ba, ban taɓa zuwa Nkembo ba, amma na tsufa cikin mutanenmu. 'Yan kasuwar da ke hawa jirgi kamar motar haya, shekara huɗu, a ce babu wanda ya taɓa gane 'yar Alhaji? Ita ma dattijuwar mai mayafi tana da baki, tana da masauki a garin. Zatona shi ne da yawa sun sani sun yi shiru don girman Baba, shi kuma yana ta rufewa don kunyarsu. Kowa yana kawaici, babu wanda abin yake yi wa ciwo, sai gwiwarki.

Wannan ba ya nufin ki fita baranda ki yi shela. Ranar da maganar aikinki ta fito fili za a samu masu surutu, wasu ma za su ja baya, ki shirya wa hakan. Ki bar wa Baba ya zaɓi lokaci da yadda zai warware abin da ya ƙulla, wannan haƙƙinsa ne. Abin da ba nasa ba ne, ba kuma na Mama ba, shi ne ƙafarki. Ki same shi shi kaɗai, ko da Mama a gefe, lokacin da babu baƙi. Ki gaya masa abin da likita ya ce tiryan-tiryan, ba ragi, har da maganar aiki na biyu da rasa jirgi. Ina kyautata zaton bai san abin ya kai haka ba, tunda ke murmushi kike masa. Ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya ji da kunnensa. Idan bakinki ya yi nauyi, ki je wurin Alhaji Ɗan'azumi ya shige miki gaba, ya riga ya nuna miki ya iya riƙe magana. Batun komawa Angondjé da azumi ki ajiye shi, gudu ne, kuma zai buɗe wata ƙofar surutun.

Ki kuma tambayi kamfaninku ko za su ba ki aikin ƙasa kafin ki warke, wanda ake yi a zaune. Wa ya sani, ko a ofishin tikitin za su ajiye ki, labarin Baba ya zama gaskiya na ɗan lokaci.

Saura kujera. Kin ce Baba ko leda ba ya riƙewa. Mai son ɓoye abu aikawa yake yi a kawo a lulluɓe. Shi kuwa ya rungumo kujerar roba da rana tsaka, ya ratso layinku da ita kowa yana kallo. Ni ban ga umarnin ɓuya a nan ba. Na ga uban da kullum da safe yake kau da kai don ba zai iya kallon 'yarsa tana tashi da ƙyar ba, ya san da hannunsa a ciki, kuma bakinsa ya kasa faɗa. Irin su Baba ba su iya cewa a yafe musu ba, sai dai su sayo abu su ajiye. Mai yiwuwa na yi kuskure, shi ya sa nake so ki daina fassara shi daga bayan ƙofa.

Ki sauke wankin nan daga kanta. Gobe da safe ki ɗauke ta ki kai gabansa, ki zauna a kai, ki gaishe shi daga nan, ki ce kin gode da kujera. Abin da zai biyo baya ki bar wa Allah. Ranar da aka fara asham kuma ki tafi da ita masallaci, ki jera ta a sahun tsofaffin nan, ki gaishe su, za su matsa miki, su sun san ciwon ƙafa ba ya tambayar shekaru. Idan kin ɗaga hannu ki sa dattijuwar nan mai mayafi a addu'a, godiyar da ba ki yi ba za ta isa inda take.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyarki da ta iyayenki, ya kai mu azumi lafiya. Ya kuma mayar da ke bakin ƙofar jirginki da ƙafa biyu cif, ki tarbi Alhaji Ɗan'azumi da Hausa, ya karɓi ruwansa ya sha.

Taku,
Anti Rauda